Goro Ya Iso, Mai Goro Bai Dawo Ba

Akwai wata tambaya da ba ta ƙarewa a shirye-shiryen rediyo na dare, irin waɗanda ake karanta saƙonnin masu sauraro. Sunan gari ne kawai ke canzawa. Budurwa ce a Yendi, ta tashi unguwa ɗaya da wani yaro, allonsu a jingine a zaure ɗaya, sai neman abinci ya raba iyayensu. Yau shi yana Kano, ko Jidda, ko Italiya. Bayan shekaru sun haɗu a Facebook, hira ta yi daɗi, ya fito ya ce yana so. Ta amsa ko kada ta amsa? Wani lokaci namijin ne mai tambayar, ita kuma tana can Bawku gaban iyayenta. Masu kira su rabu biyu, wasu su ce da tsohuwar zuma ake magani, wasu su ce wannan jiran gawon shanu ne.

Ni dai ina ganin ’ya’yan zangunan arewacin Gana ba su da dalilin zuwa neman amsar nan a finafinan Indiya. Kakanninsu sun shafe ɗaruruwan shekaru suna fama da ita a kan hanyar goro, kuma sun bar mana yadda suka yi, mai daɗinsa da marar daɗinsa.

Hanyar tsohuwa ce. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja a zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15. Amma sai a ƙarni na 19 kasuwar Salaga ta cika ta batse, lokacin da Tonawa, wato mutanen Asante, suka mayar da ita mahaɗarsu da fataken arewa. Goro a kurmin Asante yake fitowa, ba a Salaga ba. Tonawa ba sa barin baƙo ya shiga kurmi ya saya da kansa, don haka suke kawo shi Salaga, Bahaushe ya tarar da shi a can da jakunansa, ya sauke kanwa da turkuɗi da jar fata da gabu. Tsakanin Kano da Salaga ya haura kilomita 1,000 ko da a miƙe aka auna, ayari kuwa ba ya tafiya a miƙe. Sai ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, ko ya bi ta sama ta ƙasar Gurma, ya faɗo Sansanin Mango, ya sauka Yendi, sannan Salaga. Kowane sarki a hanya yana da fitonsa, kowane daji yana da ’yan fashinsa. Baturen nan Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama a 1826, yana dawowa daga Gwanja zai nufi Kano, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000, maza da mata. Zuwa da dawowa yakan ci wata 6, yakan kai shekara.

Abin da ke ba ni dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba, shi ne kayan da suke ɗaukowa. Ba a neman aure a ƙasar Hausa sai da goro, ba a ɗaura shi sai an raba goro, ba a suna sai da shi. Auren Kano da na Katsina da na Sakkwato duk a kan wagar jakin falke suke zuwa. Shi kuwa falken da ke kwance huhu kowane ’yan kwanaki yana tsince mai sankara, yana yayyafa ruwa, yana sake ganye don kada goron auren wani ya lalace, nasa auren yana can a rataye a Bebeji ko Ƙofar Mazugal, ba mai yi masa yayyafi.

To yaya matan fatake suka iya? Abu na farko, tafiyar tana da lokaci. Ayari yakan tashi ne bayan ɗaukewar ruwa, lokacin da rafuka suka janye, kuma kowa a gari ya san wajen yaushe ake sa ran madugu wane. Matar da ke jira ba ta ƙirga kwana ita kaɗai. Unguwa ce guda ke ƙirgawa, domin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka riƙe wannan fatauci, dangi ne masu auren junansu. Mijinta ya tafi tare da wanta da ɗan baffanta. In ya yi abin kunya a Salaga, labarin zai riga shi isowa gida. In ya mutu a hanya, akwai wanda ya ga kabarinsa. A Salaga ma ba a kan titi yake kwana ba, yana da maigidan da yake sauka wurinsa shekara da shekaru, wanda ya san ubansa, ya san bashin da ke kansa.

Sai kuma takarda. Kowane babban ayari yana da malami mai rubuta wasiƙa da lissafi. A nan ne sunan Alhaji Umaru, wanda aka fi sani da Imam Umaru na Salaga ko na Karaci, ke shigowa. An haife shi a Kano wajen 1858, mahaifinsa Bakabe ne mai fataucin goro, shi ma ya bi hanyar tun yana saurayi. A 1877, bai cika shekara 20 ba, ya rubuta littafi da Larabci a kan ƙa’idojin rubuta wasiƙa. Ku duba fa, yaron da ya tashi a gidan fatake, abin da ya fara ganin jama’arsa na bukata shi ne yadda za a yi magana da wanda ba ya nan. Sai dai kada mu ruɗi kanmu da cewa wasiƙun soyayya ake ta aikawa. Takardar da malami ya rubuta, wani malamin ne zai karanta ta a zaure, gaban surukai. Abin da miji zai iya gaya wa matarsa a ciki bai wuce gaisuwa da lissafin abin da ya aiko ba. Sauran maganar tana cikin kayan da aka ɗauro: turmin zane, ’yan duwatsun wuya, ƙwaryar farin goro da aka ware aka ce wannan na wance ne.

Inda na fi son mai karatu ya tsaya shi ne wajen shari’a, domin malaman Malikiyya ba su bar maganar nan a hannun zuciya ba. Risala, wadda ake karantawa a kowane zaure daga Kano har Salaga, ta yanke wa matar wanda ya ɓace, ba a san yana raye ko ya mutu ba, shekara 4 daga ranar da ta kai ƙara, sannan ta yi takaba ta wata 4 da kwana 10, ta yi aurenta. Wanda kuwa aka san inda yake, ya dai miƙe ƙafa ne a wani gari ya bar ta, hukuncinsa daban. In bai bar mata ci da sha ba, alƙali na iya raba auren bayan ɗan jinkiri. In ma ya bar mata, amma zaman ya yi tsawo har ya cutar da ita, alƙali zai rubuta masa takarda ya ba shi zaɓi: ko ya dawo, ko ya aiko a kai masa ita, ko ya sawwaƙe mata. Babu na huɗu. Ba a yarda mutum ya ce yana sonta har ransa amma bai san ranar dawowa ba. Malaman nan ba su musa cewa yana sonta ba. Sun dai ƙi karɓar so a matsayin amsa ga tambayar da aka yi masa.

Wannan kariya ta matar aure ce. Budurwar da suka yi wasan ƙasa tare, wadda ya ce ta jira shi ya je Gwanja ya haɗo kuɗin aure, ba ta da alƙalin da za ta je wurinsa. Ba ta ma da ta cewa sosai. A wancan zamani ana aurar da yarinya da wuri, kuma uba ba zai zuba ido damina biyu ta wuce yana jiran yaron da ba a san ko ya tsallake Bargu da rai ba. Sai a mayar wa danginsa toshinsu, a ba wani. Falke ya dawo da riba ya tarar da ita da goyo. Duk da haka ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya, domin bazawara tana da bakin da budurwa ba ta da shi. Baba ta Karo, wata Bahaushiya daga ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin yadda aka yi mata auren zumunci da fari, ta zauna don ta faranta wa manya, daga baya ta fita ta auri Malam Maigari wanda ya so ta tun tana budurwa. Ba matar falken Gwanja ba ce, amma zamaninsu ɗaya, al’adarsu ɗaya. Son ƙuruciya yakan samu hanyarsa, sai dai sau da yawa a zagaye na biyu, bayan kowa ya ga duniya.

Yanzu ga ɓangaren da ba a cika faɗa a taron tunawa da kakanni ba. Yawancin fatake ba su warware matsalar nisa da haƙuri ba. Sun warware ta ne da gida biyu. Wanda ya ga ciniki ya karɓe shi sai ya yi aure a Salaga ko Yendi, ’yar Gwanja ko Badagwamba, ko kuma ya sayi ƙwarƙwara, domin Salaga kasuwar bayi ce babba kamar yadda take kasuwar goro. Har yau in ka je za a nuna maka rijiyoyin garin da wurin da ake kira Wankan Bayi, sunan da Hausa yake, ba da wani harshe ba. Matan da aka wanke a can aka kai kasuwa su ma suna da waɗanda suka tashi tare a ƙauyukan Gurunsi da sauran ƙasashen arewa, kuma babu wanda ya rubuta wa kowa takarda a kansu. Da yawa daga cikin masu cewa yau su Hausawan Gana ne jikokin irin wannan gida na biyu ne: kaka namiji daga Kano ko Katsina, kaka mace daga nan. Kowace irin wannan zuriya kuwa, in ka bi ta baya, akwai yiwuwar ka tarar da wata mata a ƙasar Hausa da aka ce wa za a dawo bayan kaka.

Sannan akwai abin da ya fi ƙarfin madugu da alƙali duka, wato ranar da hanya ta rufe. A 1874 sojan Ingila suka shiga Kumasi suka ƙone ta. Gwanjawa suka ga Tonawa sun yi rauni suka yi musu tawaye, Tonawa kuma suka janye goronsu daga Salaga suka karkatar da shi Kintampo. Garin bai gama farfaɗowa ba sai rigimar sarautar Kpembe ta tashi. Kpembe, ɗan gari kusa da Salaga, shi ne mazaunin sarkin Gwanjan da ke mulkin kasuwar, kuma gidaje uku ne ke karɓa-karɓa a sarautarsa. A ƙarshen 1892 Kabachewura Isifa ya ɗauko gudummawar mayaƙan Dagwamba da Nanumba ya afka wa Kpembewura Napo. Aka washe Salaga, ’yan kasuwa suka watse, wasu Yeji, wasu Kintampo, wasu Kete-Karaci, wasu har Kumasi da Ankara. Imam Umaru, wanda bai daɗe da zama a garin ba, yana cikin waɗanda suka ƙare a Kete-Karaci, kuma ya yi waƙa a kan wannan yaƙi. Zangunan kudancin Gana da yawa daga wannan watsewa suka samu cikarsu.

Ka ɗauka kai yaro ne ɗan shekara 12 a Salaga a wannan shekara, maƙwabciyarku kuma iyayenta suka bi wata hanya naku suka bi wata. Kafin ku girma, Turawa sun shiga tsakani. A Disamban 1896 Jamusawa suka karya rundunar Dagwamba a Adibo suka ƙone Yendi. A 1899 Ingila da Jamus suka raba yankin a kan takarda: Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi da Kete-Karaci suka faɗa Togo ta Jamus, aka tsaga masarautar Dagwamba gida biyu. Zango biyu na ƙarshe a kan hanyar goro, waɗanda ayari ke haɗawa cikin ’yan kwanaki, suka zama ƙasa biyu masu tuta daban da haraji daban, har zuwa 1914 da Ingila ta kori Jamus. Imam Umaru bai koma Kano da zama ba. Ya rasu a Kete-Karaci a 1934, tsohon garin ma yanzu yana ƙarƙashin ruwan tafkin Volta tun bayan da aka gina madatsar Akosombo a shekarun 1960.

Ba maza kaɗai ke tafiya su bar na baya ba. Alhassan Dantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa, mahaifiyarsa ce ta tafi Ankara bayan rasuwar mahaifinsa, ta bar su hannun wata tsohuwa mai suna Tata, wadda sunanta ya bi shi har kabari. Da ya tasa ya bi sawunta har can. Daga baya yana cikin waɗanda suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko, kuma da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Jaki ya huta, Salaga kuma ta zama garin da hanya ta bari a baya.

Sauƙin tafiya bai hana hanya sake rufewa ba. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako 2 ya bar Gana. Mutum sama da 100,000 suka fita, cikinsu har da waɗanda aka haifa a zango, ba su taɓa ganin garin da aka ce su koma ba. Miji ɗan Nijeriya ko Nijar ya hau mota, matarsa ’yar ƙasa ta tsaya, ko ta bi shi zuwa inda ba ta san kowa ba. Yara da suka yi makaranta tare a Yendi da Bawku suka wayi gari ɗaya yana Sakkwato ɗaya yana nan. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta rama, aka kori ’yan Gana wajen miliyan 1 daga Nijeriya, duk da cewa ƙasashen biyu sun sa hannu a yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS tun 1979. Waɗannan mutane ne suka mayar da kaset wasiƙa: a shiga ɗaki a rufe ƙofa, a yi magana da rikoda, a ba direba ya kai. Su ne kuma suka cika filayen gaishe-gaishe da zaɓi-sonka da katuna. Mu da muka gaji wannan aiki mun san cewa rabin gaisuwar da ake aikawa “ga ’yan uwa da abokan arziki” mutum ɗaya ake nufi da ita, sauran sunayen rakiya ce.

Abin da waya ta canza a yau shi ne shiru. Matar falke takan yi wata 6 ba ta ji ɗuriyar mijinta ba, amma ta san lokacin dawowar ayari, kuma akwai mutum ashirin da za su ba da shaidar yadda ya zauna a can. Budurwar yau tana jin muryarsa kullum kafin ta yi barci, tana ganin fuskarsa a WhatsApp, amma ba ta san ranar zuwansa ba, kuma ba ta san mutum ko ɗaya da ya san ɗakin da yake kwana ba. A ganina nata ya fi haɗari, domin hirar kullum tana sa mutum ya ji kamar ana tafiya alhali ana tsaye. Shekara 3 sai ta wuce a haka, manema na kusa sun gaji sun janye.

Sanin ƙuruciya kuma yana da nasa tarkon. Yana sa a tsallake bincike. Ai ɗan gidan wane ne, ai tare muka yi sauka. Gaskiya ne ta san gidansu, ta san uwarsa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, shi ne ma abin da Agalawa suka gina aurensu a kai. Amma su suna sabunta sanin nan kowace shekara da idon ’yan uwansu. Yaron da ta sani ya tsaya a shekara 12. Mutumin da ke kiranta ya yi shekara 15 a wani gari, wataƙila da gida na biyu irin na kakansa. Ba na cewa a ƙi shi. Cewa nake a aika masa da takardar alƙali tun kafin zuciya ta yi nisa: zai dawo, ko zai zo ya ɗauke ta, kuma a wane wata? Manyansa su zo su faɗa wa manyanta, da goronsu a hannu. Ita ma ta tambayi kanta ko za ta iya barin Yendi ta zauna inda ba ta da kowa, don wannan tambaya ce da akan bari sai an ɗaura aure sannan a tuna da ita. In namijin ne ke nan ita ke nesa, tambayar ba ta canza ba, sai dai shi ya kamata ya fara amsa ta.

Ko an sa rana ma, yankin nan bai daina rufe hanyoyinsa ba. Yaƙin 1994 da ya tashi tsakanin Konkomba da Nanumba, ya jawo Dagwamba da Gwanja, ya yanke hanyar Bimbila da ke haɗa Salaga da Yendi. Kisan Ya-Na Yakubu Andani na biyu a Maris 2002 ya jefa Yendi cikin dokar ta-ɓaci da hana fitar dare, kuma sai a Janairun 2019 aka naɗa sabon Ya-Na. Bawku kuwa, garin kasuwa da ke maƙale tsakanin iyakar Burkina Faso da ta Togo, inda Hausa ke haɗa Bamoshe da Babusange da Bakusashe wajen ciniki, rigimar sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ta sake tashi a ƙarshen 2021. Aka sa dokar hana fitar dare, unguwanni suka zama iyakoki, har saurayi da budurwar da ke gari ɗaya suka koma sai dai waya, kamar ɗaya yana Kano. Cikin matakan da hukuma ta ɗauka har da hana maza hawa babur a garin. Dokar ba ta shafi mata ba, don haka a Bawku su ne suka riƙa tayar da babur suna ratsa gari, mazan na zaune a ƙofar gida suna jiran dawowarsu.